Yadda Dokar Wasa Ke Ɗaure Sojan da Bai San Tsoro Ba

A labarin zane na Girl Genius, wanda Phil da Kaja Foglio suka fara fitarwa a Amurka a 2001, akwai dakarun Jäger. Mutane ne da suka sha wani haɗi suka rikiɗe dodanni, masu son faɗa da ƙawa da huluna, masu mubaya'a ga gidan Heterodyne.

A takarda, linzaminsu yana hannun marubuci. Amma a wasan tebur da kamfanin Steve Jackson Games ya ciro daga labarin, kowa yana shiga rigar mutum guda ne, don haka wanda ya zaɓi dodo zai iya danne sauran.

Tsarin GURPS, ginshiƙin wasan, da maki yake maganin wannan. Ƙarfi da juriya sayensu ake yi, aibi irin su garaje kuwa ƙarin maki suke jawowa. Idan aka tsokani mai garaje, sai ɗan wasan ya jefa ƙwayoyin lido uku. In bai dace ba, dodonsa zai afka, ko da shirin abokan tafiyarsa zai wargaje.

Wato ƙarfin da ba ya jin tsawa bashi ne, kuma na kusa da shi ne ke fara biya.