Idan Salula Ta Mutu A Hanya, Kada A Yi Mata Gaggawa

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashi da ta duwan, mu taɓo abin da ke cikin aljihun kowannenmu, wato salula.

Mu da muka fara wannan sana'a tun ana ɗaura kuɗi a ƙugu, ana aika saƙo ta bakin direba, mun san sauƙin da wayar nan ta kawo. Yau lambar dillali, da ta direban tirela, da hoton shanun da aka yi wa lodi, da saƙon shigar kuɗi, duk suna cikinta. Shi ya sa ranar da ta ɗauke sai ka ga dattijo ya rikice.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, wata Alhamis a kasuwar Maigatari wayar wani ɗan'uwanmu ta mutu da tsakar rana, alhali yana jiran kuɗin bijimai daga Legas. Da gaggawa ya miƙa wa wani yaro mai gyara. Yaron ya yi mata filashin, ta tashi, amma fa wayam. Lambobi da saƙonnin murya na waɗanda yake bi bashi duk sun tafi. To jama'a, saniya idan ta kwanta ai ba wuƙa ake fara nema ba. Sai an duba ko gajiya ce, ko ƙishirwa. Haka ita ma waya, ana bin ta daki-daki.

Da farko a taɓa bayanta a ji. Idan ta yi zafi rau, wataƙila ita ta kashe kanta don kare batir. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Maradi ko Ƙonni cikin watan Afrilu zafi kan wuce 40. Balle a ce an ajiye ta gaban mota, rana na dukan gilashi. A cire mata riga, a sa ta a inuwa kamar rabin awa. Kada a sa ta cikin ƙanƙara, don raɓa za ta taru a cikinta.

Na biyu, caji. Batir idan ya ƙare ƙarƙaf, ko an jona ba ya nuna komai nan take. A bar ta a wuta minti 30 kafin a yanke hukunci. In ba ta motsa ba, a canza igiya, a canza kan caja, a canza wurin jonawa, ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa laifin na igiya ne, musamman irin masu arha da muke saye a tasha. Sannan a haska ramin caji. Ƙurar kara da ta hunturu da zaren aljihu sukan cushe shi har igiya ta kasa zama. A sa tsinken sakace a fitar da su a hankali. Ban da allura, ƙarfe yana lalata ramin.

Na uku, mai yiwuwa ba mutuwa ta yi ba, sandarewa ta yi. Maganin wannan shi ne tashin dole. A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel, a danne maɓallin kunnawa kada a saki, har a ƙirga 30. A Samsung a haɗa maɓallin kunnawa da na rage murya a riƙe fiye da daƙiƙa 7. A iPhone 8 zuwa sama, a taɓa na ƙara murya a saki, a taɓa na ragewa a saki, sannan a riƙe na gefe har alamar tuffa ta fito. Wannan ba ya goge komai.

Na huɗu, a sa wani ya kira lambar. Idan ta yi ƙara ko ta girgiza alhali fuskarta baƙi ƙirin, to wayar na da rai, gilashin ne ya mutu. Canza shi kawai za a yi, kayan ciki na nan.

Akwai wuri biyu da ba a taɓa caja sam. Idan ruwa ya shige ta, kamar ruwan sama a bayan mota ko ta faɗa kwamin shayar da dabbobi, a cire layi, a goge ta, a bar ta inda iska ke kaɗawa kwana ɗaya ko biyu. Binne ta cikin shinkafa ba ya ƙara komai. Haka kuma idan bayanta ya kumbura ko gilashi ya ɗago, batir ne ya lalace, kuma yana iya kama wuta. Kada a matse shi, kada a huda, kada a kwana da ita ƙarƙashin matashi.

Wayar da ke yawan ɗaukewa alhali tana nuna caji 30 ko 40 kuwa, galibi batir ne ya tsufa. Bayan caji cikakke kamar sau 500 ƙarfinsa yakan riga ya ragu. Canza shi ya fi sayen sabuwa sauƙi.

In duk an yi wannan ba ta tashi ba, sai a je wurin mai gyara, amma da sharaɗi. A cire layi da memori tukuna. A faɗa masa baki da baki kada ya yi filashin sai ya tambaya. Lambar sirri ta kuɗi kuwa ba a ba kowa. A kwantar da hankali, kuɗi ba a cikin wayar suke ba, suna asusu. Da an sa layin a wata waya kira da saƙon banki za su ci gaba da shigowa.

Shawararmu ta ƙarshe, tun waya na lafiya a sa yaro ya adana lambobi a asusun Google, ya kunna ajiyar WhatsApp, a kuma rubuta kalmar sirrin a ajiye a gida. Mai ƙetare iyaka ya riƙe ƙaramar waya mai maɓalli a jaka. Kuma kada mu yar da ɗan littafin nan namu na da. Bashi da kafin alƙalami da lambobin mutum goma da ba ka iya ciniki sai da su, a rubuta su da biro, ko da boko ko da ajami.

Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu gida lafiya. Wassalam.