Yadda Android Ke Rage Binciken Tsaro Don Manhaja Ta Ƙara Sauri

Yawancin manhajojin Android da Java ko Kotlin ake rubuta su, kuma waɗannan harsunan suna da tsantseni. Duk lokacin da manhaja ta nemi abu daga jerin bayanai, sai an duba ko lambar da ta nema tana cikin jerin. Jeri na ɗauke da hotuna 100, ta nemi na 150? Nan take za a dakatar da ita, kafin ta karanto abin da ba nata ba daga ƙwaƙwalwar waya. Rashin irin wannan dubawar ne ya haifar da matsalar Heartbleed a 2014.

Sai dai maimaita dubawar na cin lokaci da batir. A nan kwamfaila ke shigowa, wato manhajar da ke juya rubutun mai haɗa manhaja zuwa yaren na'ura. Idan ta tabbatar ƙidayar ta fara daga 0, tana ƙaruwa ɗaya-ɗaya, kuma za ta tsaya kafin ta wuce ƙarshen jerin, sai ta goge dubawar gaba ɗaya. Wani lokaci kuma takan duba sau ɗaya tak kafin a fara zagayen. ART, wanda ya maye gurbin Dalvik a Android 5.0, yana yin wannan aikin.

Amma fa kwamfaila ma tana kuskure. Masu kutse sun sha yaudarar V8, injin JavaScript na Chrome, ya ɗauka lamba tana cikin iyaka alhali ta fita, ya cire dubawar, su kuma su samu ƙofa. A 2019 Google ya hana V8 goge dubawar bisa wannan hasashen, ya haƙura da ɗan saurin da ake samu.