Idan Shafin Intanet Ya Tashi Daga Adireshinsa

Kowane shafi da ke kan intanet yana da adireshinsa, kamar yadda kowane akwati a gidan waya yake da lambarsa. Wannan adireshi shi ne jama'a suke kwafewa a takarda, su aika wa 'yan'uwa ta waya, jaridu kuma su buga. Da zarar ya bazu, to, ya fita daga hannun mai shi. In daga baya aka ɗauke shafin aka kai wani wuri, ko aka sake masa suna, duk wanda ya bi tsohon adireshin zai tarar da lamba 404, watau ba a sami shafin ba. Mai neman takardar cikewa ta aiki ko ta tallafin karatu ba zai san ƙaura aka yi ba. Zai zaci an rufe shirin ya haƙura, ko kuwa ya faɗa hannun wanda zai karɓi kuɗinsa a kan abin da hukuma take bayarwa kyauta.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. A ƙasar nan kuwa, hukumomi sukan sake fasali. A 2015 an haɗa Wutar Lantarki da Ayyuka da Gidaje a ma'aikata guda, a 2019 aka ware Lantarki, a 2023 kuma aka raba Ayyuka da Gidaje. Irin wannan sauyi yakan taho da sabon suna da sabon adireshi.

YADDA TURAWA TAKE AIKI

Maganin wannan shi ne abin da ake kira turawa. Sa'ad da mutum ya danna adireshi, burauzarsa takan aika da tambaya zuwa sabar, watau babbar kwamfutar da take ajiye da shafukan. Sabar takan amsa da lamba mai alƙaluma uku. Lamba 200 tana nufin ga shafin nan. In an shirya turawa, sai ta amsa da 301 haɗe da sabon adireshi, burauza kuwa ta bi nan take, kafin ƙiftawar ido, mai karatu bai ma lura ba.

Lamba 301 ta ƙaura ce ta dindindin. Lamba 302 kuwa ta ɗan lokaci ce, kamar sa'ad da ake gyaran shafi za a dawo da shi. Lalle ne a bambanta su, domin burauza takan riƙe 301 a ƙwaƙwalwarta, ta daina tambayar tsohon wuri. In an sa ta bisa kuskure, gyaran yakan yi wuya. Injinan bincike irin su Google su ma da 301 suke gane cewa su sauya adireshin da ke cikin jerinsu. Waɗannan biyun suna cikin ƙa'idar intanet tun 1996. Daga baya an ƙara 307 da 308, masu amfani ga shafin da ake cike bayani a aika, don kada abin da mutum ya sha wahalar rubutawa ya zube a hanya.

SHAFIN DA AKA SOKE

Ba kowane shafi ne yake da magaji ba. In shiri ya ƙare kuma babu wanda ya maye gurbinsa, gaskiya ita ce a bar sabar ta amsa da 404, ko kuwa 410, wadda take nufin da gangan aka cire shi. Akwai al'adar da ta yi yawa ta tura dukan matattun adiresoshi zuwa shafin farko. Wannan ba taimako ba ne. Tamkar mutum ne ya zo neman ofishin fansho aka mayar da shi bakin ƙofa ba tare da an ce masa uffan ba. Gara a rubuta masa bayani gajere cikin harshen da yake ji, a gaya masa ranar da aka rufe shirin da ofishin da zai tuntuɓa.

KAFIN A TASHI

Aikin na kafin ƙaura ne, ba na bayanta ba. Mai kula da shafuka zai zana jadawali mai layi biyu: tsohon adireshi a gefe guda, sabon da ya yi daidai da shi a ɗaya gefen. Rajistar da sabar take ajiyewa za ta nuna waɗanda aka fi ziyarta, da su za a fara, kuma kada a manta da takardun da ake saukewa. A sabar Apache ana rubuta umarnin cikin fayil mai suna .htaccess, a Nginx kuwa cikin fayil ɗin tsarinta. Bayan haka a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

A kiyayi sarƙa, inda na farko zai tura zuwa na biyu, na biyu zuwa na uku. Kowane tsalle ƙarin jira ne ga mai rauniyar sabis a ƙauye. Mafi muni shi ne shafi biyu su riƙa tura wa juna. Burauzar Chrome takan daina bi bayan tsalle 20 ta nuna kuskure.

Google ya ba da shawarar a bar turawa aƙalla shekara guda. Ga hukuma wannan ya yi kaɗan, tun da adireshin da aka buga a allon sanarwa ko littafi yakan daɗe a hannun jama'a. Haka nan kada a bar rajistar tsohon suna ta mutu, domin sunan da wa'adinsa ya ƙare wani yana iya sayensa ya yaudari mutane da shi. Ƙungiyar NiRA ce take kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, na gwamnati masu ƙarewa da .gov.ng kuwa ta hannun hukumar NITDA ake samunsu. Saboda haka duk wanda aka tura shi daga wani shafi zuwa wani, ya duba ƙarshen sunan da ke saman allo kafin ya rubuta lambar asusunsa ko ya biya ko kwabo.