Yadda Ƙaramin Rediyo Ke Kamo Muryar Duniya a Yasore

Mutum zai sayi ƙaramin rediyo a kasuwar Batsari, irin Kchibo ɗin nan mai cin batir biyu, ya kai shi gida Yasore, da daddare ya sha labaran duniya tangaram a mita 41. Washegari da rana tsaka ya kunna, allura na nan inda ya bar ta, amma sai shuuu kawai yake ji. Nan take zai ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa kuwa rediyon lafiyarsa lau. Abin da ya canza yana can sama, ɗaruruwan kilomitoci bisa kawunanmu, kuma duk wanda ya gane shi zai mori kuɗinsa.

Galibin waɗannan rediyoyi zango uku gare su. FM tafiyarsa a miƙe take daga turken gidan rediyo zuwa eriyarka, nisa da duwatsu suna tare shi, shi ya sa tashoshin birnin Katsina ke raunana idan aka nausa yamma wajen dajin Rugu. Matsakaicin zango, wanda ake rubuta wa MW ko AM, yana bin doron ƙasa, ya fi FM nisa. Shi kuwa gajeren zango, mai alamar SW, sama ake harba shi da gangan.

Daga kimanin kilomita 60 zuwa sama da 300 a sararin samaniya akwai wata siririyar iska da hasken rana ke cika ta da lantarki, masana suna kiranta ayonosfiya. Idan igiyar gajeren zango ta isa can, sai ta lanƙwaso ta dawo ƙasa a wani wuri mai nisa, kamar yadda yaro ke tare rana da madubi ya jefa hasken cikin ɗakin maƙwabta. Tsalle ɗaya yana iya cin kilomita 3,000 ko fiye, wani lokaci ma ƙasa ta sake mayar da igiyar sama ta yi tsalle na biyu. Saboda haka muryar da kake ji ba lallai daga inda mai magana yake zaune aka harbo ta ba. BBC tana da babbar tashar harbawa a tsibirin Ascension, can tsakiyar tekun Atlantika, tun 1966, kuma tsakaninsa da Katsina ya haura kilomita 3,000. RFI daga Issoudun a tsakiyar Faransa take harbowa. Muryar Amurka ta shekara da shekaru tana amfani da tashoshinta na Sao Tome da Botswana, DW kuma a da tana da tata a Kigali. Ta wannan hanya Hausa ta daɗe tana yawo a sama: ɗan ƙasar Katsina ne ma, Aminu Abdullahi Malumfashi, ya buɗe sashen Hausa na BBC ranar 13 ga Maris 1957, da shirin minti 15.

To, ita wannan iska hawa-hawa ce, kuma a nan sirrin yake. Hawa na ƙasa-ƙasa rana ce ke kafa shi, aikinsa kuma shanye igiyoyi masu manyan mitoci. Da zarar rana ta faɗi sai ya watse, hanya ta buɗe. Hawa na can sama, wanda shi ne ke maido da igiya, da rana yana da ƙarfin da zai juyo da ƙananan mitoci, da dare kuwa ya yi laushi, su huda shi su wuce abinsu. Daga nan ƙa'idar ta fito: da asuba da bayan magariba a nemi mita 49 da 41 da 31, da hantsi zuwa la'asar a koma mita 19 da 16 da 13. Mita 25 tana tsakani, takan yi amfani da safe da kuma yamma. Gidajen rediyon sun san da haka, shi ya sa shirin safe da na rana ba a wuri ɗaya suke ba.

Akwai abin da ke rikita mutane a fuskar rediyon. Mai gabatarwa yana cewa mita kaza, amma a gilashi lambobin megahaz ne, MHz. Lissafin mai sauƙi ne: raba 300 da mitar, ka sami wurin da za ka dosa. Mita 49 tana wajen 6, mita 41 wajen 7.3, mita 31 tsakanin 9.4 da 9.9, mita 25 daf da 12, mita 19 sama da 15 kaɗan, mita 16 daf da 18. Idan kuma aka ce kilohaz 6090, inda aka daɗe da sanin Rediyon Najeriya Kaduna, ai 6.09 ke nan a gilashinka. Mita na raguwa, lamba na ƙaruwa.

Sai kuma hannu, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Faɗin mita 31 gaba ɗaya kilohaz 500 ne, tashoshi kuma ana jera su da tazarar kilohaz 5 ko 10. A rediyon da aka cusa dukan gajeren zango a layi ɗaya, wannan fili bai fi faɗin farce ba, kuma tashoshi da dama ne cunkushe a ciki. Murɗawa ɗaya ta gaggawa sai ka tsallake biyar ba ka sani ba. Ka ɗora babban yatsa a kan abin murɗawar, ka riƙa tura shi kaɗan-kaɗan har da ƙyar za ka ga allura ta motsa. Da ka ji alamar murya, ka wuce ta kaɗan har ta fara shaƙewa, sannan ka dawo baya a hankali ka tsaya inda ta fi kauri. Idan ka samu, ɗiga alama da biro a jikin gilashin ko ka manna 'yar takarda. Kada ka yarda da lambobin da aka buga ɗari bisa ɗari, domin a rediyo mai araha allura takan kauce wa gaskiya. Alamarka ta fi su. Wannan ne ya sa idan za ka saya, gara ka zaɓi mai SW1 har zuwa SW7 ko 8, wanda aka ba kowace mita layinta, ko da ya ɗara kuɗi kaɗan. Ka sa mai kaya ya zuba batir, ka murɗa ka ji ko abin yana tafiya sumul ko yana santsi.

Eriyar ƙarfen nan da ake zarowa ta gajeren zango ce da FM, a zare ta duka. Matsakaicin zango ba ruwansa da ita, tasa eriyar wani ɗan sanda ne a cikin akwatin, sai dai a juya rediyon kansa har murya ta fito. Ɗaki mai rufin kwano yana danne gajeren zango ƙwarai, soron ƙasa mai azara ya fi shi, tsakar gida kuma ta fi su duka. In ana son ƙari, a sami waya mai roba kamar mita 5 zuwa 7, a feɗe bakinta a naɗa a kan eriya, a rataya ɗaya bakin a reshen darbejiya. Kada a zarce haka da sunan neman ƙarfi. Ƙaramin rediyo ba ya iya ɗaukar sigina mai yawa, sai tashoshi su hau kan juna, Larabci da Faransanci da Hausa a lokaci guda. Kuma don Allah, wayar ta yi nesa da ta lantarki, da hadari ya haɗo a cire ta.

Ƙarar da ke damun mai sauraro iri-iri ce, kuma kowace da maganinta. Ƙaras-ƙaras ɗin damina walƙiya ce, ko da a nesa ake yin ta, wannan sai haƙuri. Zuuu mai ɗorewa kuwa yawanci daga cikin gida take: cajar waya, ƙwan sola, inbata, janareta, ko babur da aka bari a kunne a ƙofar gida. Ɗauki rediyon ka yi taku goma, za ka ji bambanci. Muryar da ke tafiya tana dawowa ita ma ba lalacewa ba ce. Igiyar ce ta iso ta hanyoyi biyu, wani lokaci su haɗu su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna, don haka a bar allura inda take. Amma idan tasha tana zamewa a hankali bayan an kunna, ko murya ta fara karkarwa in an ƙara sauti, batir ne ya yi sanyi. A canza duka biyun tare, kada a haɗa sabo da tsoho, kuma in za a ajiye rediyo na kwanaki a cire su, ruwansu yana cinye ƙarfen ciki. Sauraro da abin kunne ko da sauti ƙasa-ƙasa yana sa batir ya daɗe.

Sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, manyan tashoshin duniya suna sauya mitoci saboda sauyin yanayin sama. Sukan sanar kafin ranar, a kasa kunne. Agogonmu kuma yana gaba da GMT da awa ɗaya, bakwai da rabi tasu ita ce takwas da rabi tamu.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga waya a aljihu? Mutanen Batsari da Safana sun san amsar. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, waɗannan biyu suna ciki, aka kuma hana sana'ar cajin waya, ba a fara maido da layin ba sai a Disamba. A waɗannan watanni babu kira, babu Facebook, amma gajeren zango bai san an yi ba, domin ba ya bi ta kan turken kowa. Haka a Nijar, da aka dakatar da RFI a Agustan 2023 da BBC a Disamban 2024, tashoshin FM na cikin gida aka iya rufewa, abin da ke saukowa daga sama ba shi da ƙofar da za a garƙame.

Gaskiya ne zangon yana raguwa. DW ta rufe tasharta ta Kigali a 2015, sashen Hausa na Muryar Amurka kuma ya yi shiru a Maris na 2025 bayan gwamnatin ƙasar ta dakatar da ayyukan gidan. Wannan abin takaici ne, domin waɗanda ke yanke irin wannan shawara suna lissafi da masu intanet, ba da manomin rogo da ke bakin daji ba. Duk da haka har yanzu akwai Hausa a sama safe da yamma. Mai rediyo ya adana abinsa, ya ajiye batir biyu na ko-ta-kwana, ya kuma zaunar da yaran gida ya koya musu yadda ake murɗa shi.