Jojiya: Tsofaffin randunan giyar inabi sun dawo bakin aiki

A yankin Kakheti da ke gabashin ƙasar Jojiya, watan Agusta wata ne na zullumi ga manoman inabi. A lokacin ne ƴaƴan ke fara kosawa: inabin Saperavi ya tashi daga kore ya koma baƙi, na Rkatsiteli kuwa ya yi ruwan ɗorawa. Kullum manomi na zagaya gona, ya ɗanɗana, ya fasa ɗa guda ya duba ƙwallon ciki. Zaƙi na ƙaruwa, tsami na raguwa. In ya yi gaggawar tsinka, tsami ya yi yawa. In ya yi jinkiri, ruwan ƙanƙara, wanda yankin ya saba gani, na iya lalata wahalar shekara cikin ɗan lokaci.

Kafin girbin Satumba da Oktoba, wanda suke kira rtveli, akwai wani aiki da ke jiran sa a gida: gyaran qvevri, wata katuwar randar ƙasa mai siffar ƙwai da ake binnewa har wuya. Wasu na cin lita dubu ko fiye, har mutum kan shiga ciki ya tsaya. A cikinta ake zuba matsattsen inabi da ɓawonsa, a rufe baki da faifan dutse da laka, a bar shi wata biyar zuwa shida cikin sanyin ƙasa.

Sana'ar ta daɗe. A 2017 masu binciken tarihi suka sanar da gano alamun giyar inabi jikin katangar tukwane masu kimanin shekara 8,000 a kudancin Tbilisi, babban birnin ƙasar. Amma a zamanin Tarayyar Sobiyet manyan masana'antu suka mamaye harkar, randuna da dama suka kwanta a ƙasa ba mai waiwayarsu. Da Rasha ta hana shigar giyar Jojiya a 2006, dole masu sana'ar suka nemi sabuwar kasuwa, kuma a Turai an nuna sha'awar hanyar kakanni. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya.

Sai dai tono tsohuwar randa ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai an shiga an goge ta da ɓawon itacen ceri, a wanke da ruwan toka ko farar ƙasa, a ɗumama ta, sannan a shafe ciki da kakin zuma don toshe ƙofofin da ido ba ya gani. Datti kaɗan in ya maƙale, dukan abin da aka zuba zai ɓaci.

Randar da ta fashe kuwa, maye gurbinta na da wuya. Da hannu ake gina sabuwa, hawa-hawa, tsawon makonni, a gasa ta kwanaki cikin wuta. Iyalai ƙalilan ne suka riƙe wannan gini a ƙauyuka irin su Vardisubani da Shrosha, shi ya sa wanda ya gaji randar kakansa yake lallaɓa ta kamar ƙwai.