Idan Silindar Libarba Ta Cije, Ƙarfi Ba Ya Maganinta

A shekarar 1999 wani Ba'amurke gwanin harbi, Jerry Miculek, ya harba harsashi 6 da libarba, ya buɗe ta ya zubar da kwanso, ya sake ɗurawa, ya harba wasu 6, duka a cikin daƙiƙa 2.99. Mutane sun yi ta yaba saurin hannunsa, kuma ya cancanci yabo. Amma da silindar bindigar ta ɗan cije masa wajen buɗewa, da hannun bai yi masa amfanin komai ba. A gasar harbi, buɗewa da rufewa su ne ke raba na ɗaya da na goma.

Libarba ita ce ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi da ke juyawa, wato silinda, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a 1836. Irin wadda silindarta ke faɗowa gefe ta fito daga baya, kamfanin Colt a 1889, Smith & Wesson a 1896. Silindar tana rataye ne a kan wani ɗan hannu na ƙarfe, kamar ƙyaure a jikin ƙofa, kuma dole ta koma daidai mazauninta, ramin harsashi ya fuskanci bututu ba karkata. Ratar da ke tsakanin fuskar silinda da bututun ba ta wuce kusan milimita 0.15 ba, wato kaurin takarda ɗaya zuwa biyu. Duk sirrin yana cikin wannan 'yar ratar.

To me ke sa ta cije? Mafi yawan lokaci dauɗa ce kawai. Kowane harbi yana barin toka da ɓurɓushin albarushin da bai gama ƙonewa ba. Ƙwaya guda ta maƙale a ƙarƙashin tauraron nan da ke tunkuɗo kwanso, sai ya kasa kwanciya daidai, silinda ta ƙi rufuwa. Akwai kuma sandar da ake dannawa a fitar da kwanso: girgizar harbi takan kwance ta a hankali, ta ƙara tsawo, ta tokare. Wannan matsala ce ta sa Smith & Wesson ya juya haƙoran sandar zuwa hagu a farkon shekarun 1960, domin juyawar silinda ta riƙa ɗaure ta maimakon kwancewa.

Cuta mafi muni kuwa mai bindigar ne ke jawo ta. Abin nan da ake gani a fim, jarumi ya kaɗa wuyan hannu silinda ta rufe da ƙara, shi ke lanƙwasa hannun ƙarfen. Lanƙwasar da ido ba zai gani ba ta isa ta sa harsashi ya riƙa gogar bakin bututu, ɓarɓashin dalma ya fantsama gefe, ya samu wanda ke tsaye kusa.

A Yola da Jimeta yanayi ma yana da nasa hannun. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙura mai laushi wadda ba ramin da ba ta shiga. Da ta haɗu da mai sai ta zama wani irin kwaɓi mai cin ƙarfe a hankali. Daga Maris zuwa Afrilu zafi yana haura digiri 40, mai mara kauri ya tsiyaye, gumin hannu ya bar gishiri. Damina ta zo da laimar kogin Binuwai, tsatsa ta samu wurin zama. Saboda haka al'adarmu ta “zuba masa mai” ga duk ƙarfen da ya yi tauri, har da baƙin man inji, a nan ɓarna take yi. Masu gyaran bindigogin gasa sukan fara da tabbatar da cewa babu harsashi a ciki, su wanke da buroshi, su busar, su ɗiga mai kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, su share sauran. Idan taurin bai tafi ba, aunawa suke yi da kayan awo kafin su taɓa komai. Magagari ba ya cikin lissafi, domin ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.

Mai karatu zai ce ina ruwanmu da libarbar gasa? Gaskiya ne, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, kuma gasar harbi a ƙasar nan galibi ta jami'an tsaro ce, kamar wadda sojojin ƙasa suka yi a dajin Sambisa a 2017. Amma Adamawa jiha ce ta maharba. Su ne suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a Nuwamba 2014, kuma daga cikinsu Aisha Bakari Gombi ta yi suna har ƙasashen waje. Bindigogin da ke hannunsu, adaka da baushe, ba su da silinda, amma ƙura da tsatsa ba su san bambanci ba. Kunamar da ta yi tauri yau, aka matsa mata da ƙarfi ko aka goge ta da magagari, ita ce gobe za ta tashi da kanta a bayan babur ko a tsakar gida cikin yara. Wannan ne ya fi damuna.

Dokar ta hana gyaran bindiga sai a rumbun makaman hukuma ko da izini, kuma ta bai wa hukumar 'yan sanda damar ba da izinin gyaran bindigogin ɗuri. A ganina wannan ƙofa ce da ya kamata a yi amfani da ita sosai. Maƙeranmu sun san ƙarfe, abin da suka rasa shi ne kayan awo da horo. Ina kira ga rundunar 'yan sandan jihar da shugabannin maharba su zauna, a tantance maƙeran da aka yarda da su, masu kula da makaman hukuma su koya musu aiki, a kuma sa ranar duba bindigogin maharba kafin kowane hunturu ya kama.