Soja Sun Kama, Wa Zai Kai Kotu?

Jama'a da dama a ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum suna tambaya: in soja sun kama ɗan bindiga a daji, ina ake kai shi? Me ya sa wani lokaci sai a ga wanda aka kama ya dawo gari?

Abin da ke faruwa a dazuzzukanmu ba shi da maraba da yaƙi. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga sun afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka rasa rayuka masu yawa. A watan ne kuma gwamnatin tarayya ta buga sanarwar cewa su 'yan ta'adda ne. Amma ko ana yaƙi, alƙali ba ya ɗaure mutum sai da shaida.

A 2019 aka kafa rundunar Hadarin Daji. Ta haɗa sojan ƙasa, sojan sama, 'yan sanda da jami'an farin kaya. A 2024 aka maye gurbinta da rundunar Fansar Yamma. Aikin soja shi ne faɗa. Su kori ɓarayi, su ƙwato shanu, su kama wanda suka kama. Bincike kuwa na 'yan sanda ne. In laifin babba ne, sai a tura shi wurin 'yan sandan ciki a Gusau.

Lokacinsu kaɗan ne. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu a tazarar kilomita 40. In babu, kwana biyu. Saboda haka mai bincike ba ya iya aikin shi kaɗai.

Sojan da ya yi kamun zai rubuta inda ya kama mutumin, da ranar, da abin da ke hannunsa. In aka zuba bindigar cikin wasu babu rubutu, lauya zai tambaya: wacce ce tasa? Shi ke nan, shari'a ta yi rauni. Likita zai ba da takardar raunin da aka ji wa mutum. Ardo da dillalan kara su ne suka san shaidar da ke jikin shanun sata.

Sai kamfanin waya. Ɓarayi da waya suke neman kuɗin fansa, kuma tun Disamban 2020 ake haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara. An takura ɓarayi, gaskiya ne. Amma a ganinmu an takura mai bincike ma, domin manomi ba shi da hanyar kai rahoto.

Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024 sun san daji, sun san mutane. Sai dai yanke hukunci ba nasu ba ne. In aka kashe wanda ake zargi da kai wa ɓarayi labari, sunayen abokan aikinsa sun bi shi kabari.

Daga ƙarshe lauyoyin gwamnati za su duba fayil. In ba wanda ya yarda ya tsaya shaida, dole a saki mutum. Mun san tsoro ne ke hana jama'a magana, kuma tsoron yana da dalili. Dokar ta'addanci ta 2022 ta ba alƙali ikon ɓoye sunan mai shaida. Wanda aka kira ya ba da shaida yana iya neman a yi masa haka tun kafin ranar zaman kotu.